Fitilar da na siya saboda duhun hunturu, bayan wata biyar ina amfani da ita

Kafin na taho karatu ƙasar waje kowa maganar sanyi yake min, ka nemi jaket mai kauri, ka nemi safar hannu, ka siyi takalmi mai gashi a ciki, duk kuma na yi. Amma babu wanda ya zaunar da ni ya ce min komai akan duhu, kuma wallahi duhun ya fi sanyin wahalar da ni nesa ba kusa ba. Shi yasa nace bari na rubuta akan wannan fitilar ko wani ɗalibin zai amfana kafin abin ya same shi.

Na iso ƙarshen watan Agusta, lokacin rana tana daɗewa sosai, ƙarfe takwas na dare ma da sauran haske, har ina jin daɗin abin. Sai a hankali ranar ta fara gajarta, ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma aka mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a yawancin ƙasashen Turai, toh daga nan ne komai ya canza min. Zuwa Disamba rana bata fitowa sai bayan ƙarfe tara, uku da 'yan mintuna kuma ta faɗi. Ka tafi lakca cikin duhu, ka fito daga laburare ka tarar da duhu, 'yan awannin da ake da hasken ma kana cikin aji, kuma sau da yawa gajimare ne ya rufe sama gaba ɗaya. A garuruwa irin su Oslo, Helsinki da Stockholm hasken rana wajen 21 ga Disamba kusan awa 6 ne kawai, Mosko wajen awa 7, Landan ma bata cika awa 8 ba. Wanda ya tashi a inda dare da rana suke kusan daidai duk shekara jikinsa bai san wannan ba sam.

Abinda ya fara faruwa da ni shine bacci. Sai na yi awa goma a kwance na tashi kamar wanda aka yi wa duka, alam ya yi ta kuka ina kashewa, lakcar safe biyu ta wuce ni a sati ɗaya, ni da ban taɓa wasa da aji ba. Ga yawan cin abu mai zaƙi, ga rashin son magana da mutane, idan aka kira ni daga gida sai na ƙi ɗagawa don bana so a ji muryata a haka. Na buɗe littafi na karanta shafi ɗaya sau uku ban riƙe komai ba. Da abin ya ishe ni na je kilinik ɗin makaranta, wata nas dattijuwa ta saurare ni tsaf bata katse ni ba, ta ce min duk shekara tana ganin ɗalibai baƙi da irin wannan, ta sa aka auna jinina, sannan ta ce na gwada fitilar haske da safe, idan ban ga canji ba na dawo na ga likita.

Daga baya na karanta akai. Ashe abin har suna gare shi, likitoci suna ce masa SAD, wato damuwar da take zuwa da canjin yanayi, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa, Norman Rosenthal, da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1984. Yadda na fahimta, jikin mutum yana da nasa agogon a ƙwaƙwalwa, hasken da yake shiga ido da safe shi yake saita shi, shi yake gaya wa jiki ya daina fitar da melatonin, sinadarin da yake sa jin bacci. Idan hasken bai zo ba sai agogon ya dinga yin latti, jikinka yana ganin har yanzu dare ne alhali kai kana aji. Ƙwan ɗaki kuma baya isa, don ana auna haske da luks, ɗaki na yau da kullum bai cika wuce luks 500 ba, rana tsaka a waje kuwa tana kaiwa 100,000. Fitilun nan ana yin su ne su bada 10,000.

Wacce na siya a intanet na yi odarta, ba zan faɗi sunan kamfanin ba don irinta suna da yawa kuma kusan duk kamarsu ɗaya. Faɗinta kamar littafin rubutu, siririya, fara, LED ce, tana da ƙafa a baya da ake jingina ta, matakin haske uku, da taima daga minti 10 zuwa awa ɗaya. Bata da nauyi, tana shiga jakar baya tare da laptop ba matsala, wanda ga mai zaman ɗakin hostel da teburinsa ɗan ƙarami ne wannan ba ƙaramin abu bane.

Ranar farko da na kunna sai da na runtse ido, haske ne fari tas kamar an buɗe taga da tsakar rana, har bangon ɗakin ya canza kala. Ba kallonta ake ba, a gefe ake ajiyewa hasken ya dinga shiga ido ta gefe, ido a buɗe. Ni yadda nake yi, ƙarfe bakwai na tashi, ko wanka ban yi ba na zauna a tebur na kunna ta a hannun hagu, na sa minti 30, na ɗauko nots ɗin jiya ina dubawa. A waje baƙi ƙirin, fitilun titi a kunne, dusar ƙanƙara a bakin taga, amma a kan teburina gari ya waye. Kwana uku na farko ban ji komai ba sai ɗan ciwon kai a goshi, har na fara tunanin na yi asarar kuɗina. Na rage hasken zuwa mataki na biyu, ciwon kan ya tafi, bayan kwana biyu na mayar. Wajen kwana na takwas ko tara ne na lura na farka kafin alam, kuma da daddare ƙarfe goma sha ɗaya bacci yana zuwa da kansa ba sai na yi ta juyi da waya a hannu ba. Ban ce na koma kamar da ba, amma nauyin nan da nake ji a kai da safe ya ragu sosai, kuma tun daga lokacin lakcar safe ko ɗaya bata sake wuce ni ba har aka gama semesta.

Yanzu abinda ya ɓata min rai, kuma shi nafi so ku riƙe. A jikin kwalin an rubuta 10,000 luks da manyan lambobi, sai da na buɗe takardar ciki na ga an rubuta da ƙananan rubutu cewa sai fuskarka tana santimita 15 daga fitilar. Santimita 15 fa, ko tsawon biro bai fi haka ba, waye zai zauna rabin awa hancinsa yana neman taɓa fitila? Haske kuma yana raguwa da sauri idan ka matsa baya. Na sauke wata manhaja mai auna haske a waya, nasan ba daidai take ɗari bisa ɗari ba amma ta nuna min bambancin, a inda nake zama da daɗi lambar ta sauko ƙasa da rabi. Wannan a ganina rashin gaskiya ne ga mai siye, ya kamata a rubuta nisan a gaban kwali. Dole na matso da ita na ɗora ta akan littattafai biyu ta zo daidai fuskata, na kuma ƙara lokacin zuwa minti 40 ko 45. Don haka duk wanda zai siya, kafin ka kalli kyanta ka nemi inda aka rubuta a nisan nawa take bada 10,000 ɗin, manya sun fi ƙanana a nan don zaka zauna nesa kaɗan ka sake. Da zan sake siya babba zan ɗauka ko da zata cinye min rabin tebur.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma kullum sai sun taɓa ni. Wayar wutar gajeriya ce, soket ɗina yana ƙasan gado sai da na nemo ekstenshan. Bata da batir. Madannan irin na shafawa ne, hannun riga ya goga kaɗan ta mutu ko taima ta koma farko, kuma bata tuna yadda ka saita ta jiya, kullum sai ka sake. Ƙafar bayan ma roba ce marar ƙarfi, ta faɗi sau biyu, Allah ya sa bata fashe ba.

Akwai ranar da nake da asaimen na kunna ta wajen tara na dare don na ji idona ya buɗe, ya kuwa buɗe, har ƙarfe uku ina kwance bacci ya ƙi zuwa, sai da na yi kwana biyu kafin na dawo daidai. Wannan ba laifin fitilar bane, an rubuta a takardar da safe ake amfani da ita, amma ya nuna min cewa abin yana aiki da gaske, ba fitilar karatu bace.

Wani abu da mutane da yawa suke ruɗewa akai, wata 'yar ajinmu ta ce min ai tunda ina da fitilar bana buƙatar bitamin D. Ba haka bane. Fata tana yin bitamin D ne da UVB, wani nau'in hasken UV na rana da ido baya gani, su kuma fitilun nan masu kyau an yi su ne ba tare da UV ba don kare ido da fata, kuma dole ka duba an rubuta hakan kafin ka siya. Ni gwajin jinina ya nuna nawa ya yi ƙasa, daban aka rubuta min ƙwayoyi. Sannan don Allah wanda yake da ciwon ido, ko ciwon sugan da ya taɓa ido, ko lalurar bipolar mai sa mutum ya dinga juyawa tsakanin matsananciyar damuwa da matsanancin zumuɗi, ko yake shan maganin da yake sa fata ta kasa jure haske kamar doxycycline, kar ya siya sai ya tambayi likita. Kuma idan damuwar ta kai har kana jin rayuwa ta ishe ka, wannan ya wuce maganar fitila, ka je asibiti a ranar, ba abin kunya bane.

Bata cire min kewar gida ba. Akwai yammacin da na dawo ɗaki ƙarfe huɗu, duhu, shiru, babu wanda zai ce min sannu da zuwa, fitilar tana kan tebur amma babu abinda zata yi akan wannan. Abinda ta yi min shine ta bani ƙarfin tashi, da na tashi kuma sai na iya fita, na fara zagaya harabar makaranta minti ashirin tsakanin lakcoci ko da akwai gajimare, don hasken waje ko a ranar hadari ya fi na cikin aji, na koma ɗaga wayar mahaifiyata muna daɗewa muna hira.

Idan maki ne zan bata huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda maganar santimita 15 ɗin nan. Wanda yake ƙasar da rana bata gajarta sosai baya buƙatarta. Wasu makarantun da laburaren gari suna bada aronta, ka tambaya tukunna kafin ka kashe kuɗin da dama ba isarka yake ba. Ni farkon Afrilu na mayar da ita kwalinta don yanzu rana tana riga ni tashi, na sa tunatarwa a waya ranar 1 ga Oktoba na fito da ita, wannan karon bazan jira sai Nuwamba ta kwantar da ni ba.