Ajin koyon JavaScript a Unguwar Rimi: abin da na gani

Ina sayar da turare da humra, odar mutane kuma ta WhatsApp take zuwa, shi ya sa na shiga ajin 'yan farko na JavaScript, harshen da ake rubuta wa shafin intanet umarni da shi, a wata ƙaramar cibiyar kwamfuta da ke Unguwar Rimi, don in haɗa shafin karɓar oda da hannuna. Kuɗin da na biya bai tafi a banza ba, kuma dalilina malamin ne. Bai yarda mu taɓa kwalliyar shafi ba sai da ire-iren bayanai suka zauna mana a kai.

Da farko wasu sun yi ta ƙorafi, wai sun zo koyon gina shafi an tsare su da rubutu da lamba. Sai ya sa kowa ya buga "5" + 3. Amsa ta fito 53. Ya ce a buga "5" - 3, ta fito 2. Aji ya yi tsit. A nan ya nuna mana cewa duk abin da aka sa cikin alamar zance rubutu ne, kuma alamar tarawa manna rubutu take yi, ita kuwa ta debewa sai ta mayar da shi lamba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk abin da kwastoma ya cika a fom rubutu yake zuwa. Ke nan in ban juya shi ba, kuɗin turare 5000 da kuɗin aike 1500 za su fito 50001500.

Lambar waya kuma ya ce a bar ta a rubutu, don in aka mayar da ita lamba, sifirin farko na 080 zai ɓace. Haka lambar asusun banki. Kan kuɗi ya nuna mana 0.1 + 0.2 na ba da 0.30000000000000004, ya ba mu shawarar yin lissafi da kwabo, a mayar naira a ƙarshe. Wallahi wannan darasin kaɗai ya isa kuɗin wata.

Na gaskiya da ƙarya, wato true da false, bai ɗauki lokaci ba: an biya ko ba a biya ba.

Inda ban gamsu ba shi ne null da undefined. A gurguje ya wuce su ana dab da la'asar. Sai da na tare shi na ce, "Malam, don Allah a maimaita," sannan ya ce undefined na nufin ba a sa komai ba tukuna, null kuwa kai ne ka bar wurin fanko da gangan. Ya ƙara da cewa in aka tambayi irin bayanin da null yake da umarnin typeof, sai ya ba da "object", wato wani irin bayani daban; tsohon kuskure ne tun da Brendan Eich ya ƙirƙiri harshen a 1995, an bar shi don kada tsofaffin shafuka su lalace. Wannan bayani ya kamata kowa ya ji shi, ba ni kaɗai a bakin ƙofa ba.

Kwamfutocin ma sun yi kaɗan, mutum biyu ko uku kan ɗaya, in an ɗauke wuta kuma sai a jira janareta. Mai laftof ya zo da abinsa a cike da caji. Ga 'yan'uwa mata, ajin safe ya fi sarari, kuma malamin ya fi samun sukunin amsa tambaya.