Sharhi kan sashen taimako na kamfanin da ke ɗauke da shafinmu

Shafin intanet da nake kula da shi na wani dillalin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari. An gina shi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet wadda take aiki da harshen kwamfuta na PHP, kuma muna biyan wani kamfani kuɗin haya duk shekara domin ajiye shi a sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka. Sharhina a kan sashen taimakon wannan kamfani ne, wanda na gwada shi sosai lokacin da ɗora hotuna ya gagare mu.

PHP yana zuwa ne da iyakar megabait 2 ga kowane fayil da za a ɗora, wato upload_max_filesize, da kuma megabait 8 ga jimillar abin da za a tura a lokaci guda, wato post_max_size. Hoton atamfa da aka ɗauka da wayar zamani kuwa yakan haura iyakar megabait 2 nesa ba kusa ba, kuma Alhaji mai shafin ba ya yarda a matse hoto har zanen ya dushe, domin mai saye daga Damagaram ko Maiduguri da ido yake ciniki.

Ta fuskar saurin amsawa da ladabi ba ni da abin zargi. Inda suka gaza shi ne, ma'aikatan matakin farko suna bayar da shawara ba tare da sun duba yadda sabarsu take ba. Sun ce in ƙara lambar iyakar a php.ini, wato babban fayil ɗin saitin PHP, na ƙara, iyakar ba ta motsa ba. Sun ce in rubuta umarnin php_value a cikin .htaccess, fayil ɗin saitin manhajar sabar da ake kira Apache, nan take shafin ya faɗi gaba ɗaya da kuskuren 500, lambar da ke nuna matsala a cikin sabar, ana tsakiyar cinikin sallah. Dalili kuwa a fili yake: wannan umarni yana aiki ne kawai idan PHP yana gudana a cikin Apache kai tsaye, su kuma PHP-FPM suke amfani da shi, wanda yake gudanar da PHP daban da Apache. Bai kamata a ce ma'aikacin kamfani bai san wannan ba.

Sai da aka miƙa maganar ga wani injiniyansu sannan aka fara bincike na gaskiya. Ya sa na ƙirƙiri ƙaramin fayil mai ɗauke da phpinfo(), wanda yake nuna ainihin fayil ɗin saiti da PHP ya karanta, tare da ƙimar da ke aiki a yanzu. Ashe php.ini da muke ta gyarawa na tsohon zubin PHP ne, 7.4, alhali shafin yana kan 8.1. Da muka koma ga .user.ini, fayil ɗin saitin da mai haya yake iya rubutawa da kansa, injiniyan ya ja hankalina cewa PHP yana sake karanta shi ne bayan daƙiƙa 300, saboda haka a jira minti biyar kafin a yanke hukunci. Muka jira, amma har yanzu shiru.

A nan ne ya gano tushen matsalar. An ɗaure iyakar da umarnin php_admin_value a cikin saitin PHP-FPM, kuma abin da aka ɗaure ta wannan hanya babu fayil ɗin da mai haya zai rubuta ya sauya shi, ko da ya kwana yana gyara. Shi ya ɗaga ta zuwa megabait 32, ya sa post_max_size ya ɗan ɗara haka kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sannan ya sake tayar da PHP-FPM. Ya kuma tuna mini in goge fayil ɗin phpinfo(), tunda yana fallasa sirrin sabar ga duk wanda ya buɗe shi.

Na sabunta hayarmu saboda wannan injiniya, ba don komai ba. Sai dai har yau allon sarrafa shafin yana barin mutum ya gyara php.ini ba tare da ya faɗa masa na wane zubi ba ne, kuma na rubuta musu ƙorafi a kan haka ban ga sauyi ba.