The Exorcist: fim ɗin 1973 da har yau yake hana barci

Na sake kallon The Exorcist, wanda William Friedkin ya ba da umarninsa a 1973, kuma har yanzu ban ga fim ɗin tsoro da ya kama ƙafarsa ba. Daga littafin William Peter Blatty na 1971 aka ciro labarin: aljani ya shiga jikin Regan, yarinya 'yar shekara 12, a unguwar Georgetown da ke birnin Washington.

Jama'a sun fi tuna juyawar kai da koren amai. Ni kuwa uwar ce ta tsaya min a rai, wadda Ellen Burstyn ta fito a matsayinta. Mai kuɗi ce, 'yar fim, ba ruwanta da addini. Ta yi ta yawo da 'yarta daga wannan likita zuwa wancan, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a soka wa yarinyar allura a wuya jini na tsartuwa, amma ba a gano komai ba. Daga ƙarshe likitocin da bakinsu suka ce ta gwada malaman coci. Duk wanda ya taɓa zama gidan da ake jinyar mai aljanu, yau asibiti gobe ruƙiya, zai gane tashin hankalin da ke idon matar nan.

Friedkin ba ya gaggawa. Da kiran salla a arewacin Iraƙi ya buɗe fim ɗin, ya daɗe yana jan mutum kafin a shiga ɗakin Regan. Ɗakin nan sanyaya shi aka yi da gaske, shi ya sa ake ganin tururin numfashin 'yan wasan. Muryar aljanin kuma ta Mercedes McCambridge ce. Inda ya fi taɓa ni shi ne lokacin da aljanin ya kwaikwayi muryar marigayiya mahaifiyar Fada Karras, malamin cocin da aka kira ya taimaki Regan, alhali imanin mutumin yana rawa kuma yana ganin bai kula da ita yadda ya kamata ba. Wurin nan sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

An zaɓi fim ɗin a rukuni 10 na lambar yabo ta Oscar, ya ci 2. Sai dai akwai ashar da batsa masu nauyi, da wani wuri da aka wulaƙanta gicciye wanda na kawar da kai. Kada a kunna shi gaban yara. Idan da zaɓi, a nemi na asali. Wanda aka ƙara wa tsawo a 2000 ya cusa fuskokin aljani a wuraren da shiru ya fi ban tsoro.