Sharhina kan inshorar tsohuwar motata bayan an daki bayanta

Shekara uku ina biyan cikakkiyar inshora a kan motar da aka ƙera a 2006, abokaina suna ta tsokanata wai ina kashe kuɗi a kan gwangwani. Ban taɓa neman komai a wurin kamfanin ba sai wata huɗu da suka wuce, ranar da wani saurayi ya daki bayan motar ina tsaye a danja. Yanzu magana ta ƙare, kuɗi sun shigo, mota ta dawo kan titi. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin yawancin abin da ya ɓata mini rai yana cikin takardar da na sa wa hannu da kaina ban karanta ba.

Na hango shi a madubi yana tahowa, kansa a sunkuye. Kafin in yi wani tunani sai ƙara. Bamba ta tsage, murfin but ya lotse, fitila ɗaya ta tarwatse. Ya fito jiki na rawa yana cewa, "Baba, wallahi birki ne ya ƙi kamawa." Ban yi musu da shi ba, don akwai ƙaramar kyamara a gilashina na baya, ta ɗauke shi sarai da waya a hannu. Abin da ya taimake ni a ranar wata tsohuwar ɗabi'a ce: ba na tsayawa a bayan mota sai ina ganin inda tayoyinta na baya suka taɓa kwalta. Bugun ya tura ni gaba, amma ban kai ga motar da ke gabana ba. Da na taɓa ta, da yanzu rigima biyu nake yi.

Na ɗauki hotuna kafin a motsa motocin, na rubuta lambar motarsa da bayanan inshorarsa, na karɓi lambar wayar wata mata da abin ya faru a idonta, aka kuma yi rahoton 'yan sanda. A nan dole in yaba wa kamfanin. Kira ɗaya na yi aka ɗauka, a ranar aka buɗe mini fayil, bayan kwana uku mai tantance ɓarna ya zo gareji. Abin da ya fara dubawa ya ba ni mamaki, ƙwan fitilun birki. Ashe wanda ya buge ka ta baya, in yana neman mafita, abin da zai fara cewa shi ne fitilunka ba sa kamawa.

Daga nan sai ya ɗaga shimfiɗar but. Ni a ganina bamba ce da fitila da ɗan aikin fenti. A ƙasa kuwa ƙarfen ya tattare kamar takarda, sandar da ke bayan bamba ta lanƙwashe, ƙofar baya ɗaya ma ba ta rufuwa daidai. Da aka haɗa lissafi, kuɗin gyara ya haura kashi uku cikin huɗu na darajar motar. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba za mu gyara ba, biyanka za mu yi."

Wannan ne abin da nake so duk mai tsohuwar mota ya fahimta. Inshora ba ta biyan abin da ka sayi mota, ba ta kuma biyan abin da motar take a zuciyarka. Tana biyan abin da motar za ta yi a kasuwa minti ɗaya kafin hatsarin. Kuɗin bamba da fenti da ladan mai gyara ba sa sauka don mota ta tsufa, darajar motar ce kawai ke sauka kowace shekara. Shi ya sa bugun da za a gyara ba gardama a motar shekara uku, a motar da ta doshi shekara ashirin sai a ce ta tashi aiki, alhali injinta lafiya lau yake.

Tayin farko da suka yi mini bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, kuma yadda aka turo shi sai ka ɗauka hukunci ne. Ba hukunci ba ne, tayi ne, ana iya ja. Na nemi su nuna mini motocin da suka kwatanta da tawa, sai na ga biyu daga ciki sun fi tawa cin tafiya nesa ba kusa ba. Na tattaro tallan motoci biyar irin tawa, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya, na haɗa da rasit na giyabos da na canja bara da na tayoyi huɗu. Matata da ke yi mini faɗan tara takardu a aljihun mota ta yi shiru ranar. Rasit ɗin canjin baƙin mai ba ya ƙara wa mota daraja kai tsaye, amma yana nuna ba a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Bayan mako biyu suka ƙara abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Sun cire kason da yarjejeniya ta ce mai mota ne zai ɗauka da kansa, suka ce za su maido idan sun karɓo daga inshorar wanda ya yi laifi. Sun maido, amma sai da na yi wata biyu ina bibiya, ma'aikata uku daban-daban, kowa sai na faro masa labari daga tushe. Kamfanin bai ba ni motar aro ba, don ban biya ƙarin kuɗin wannan ba, ban ma san ana biya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na zaɓi in riƙe motar, suka cire abin da za su samu da sun sayar da ita a matsayin ɓaraguza, na kai wa bakanikena. A sani cewa motar da inshora ta taɓa rubuta cewa ta tashi aiki darajarta ta faɗi ke nan wajen sayarwa.

Wuyana bai yi ciwo a ranar ba sai washegari, kuma haka irin wannan raunin yake yi. Likita ya tambaye ni inda matashin kan kujerata yake. A can ƙasa yake, daidai wuya. Ya kamata samansa ya yi daidai da saman kai, kuma ya matso kusa da ƙeya.

Tuƙina ya canja. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. In ka ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarka ta hau birki, ka riga ka ci mita 40 da 'yan kai ba ka fara tsayawa ba, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Don haka idan motar gabana ta wuce wani turke ko allo, sai na ƙirga daƙiƙa uku kafin in isa wurin, in ana ruwa in ninka. Wanda ya manne mini a baya kuma ba na taka masa birki don in tsorata shi. Ƙara tazara nake yi a gabana don in samu tsayawa a hankali, in ya samu hanya ya wuce abinsa. Sababbin motoci da yawa suna da na'urar da ke taka birki da kanta, wani bincike a Amurka ma ya nuna tana rage irin wannan karo da kusan rabi. Tawa ba ta da wannan, sai dai duk mako in ja da baya kusa da bango da dare, in taka birki in ga ko jan hasken ya fito ta kowane ɓangare.

In maki zan ba kamfanin, uku cikin biyar. Da lokacin sabuntawa ya zo na zauna da biro: abin da zan biya a shekara, da kason da za a cire mini, a gefe guda kuma iyakar abin da za su iya ba ni a kan motar da darajarta ta ƙara faɗuwa. Lissafin bai fita ba. Na koma inshorar da ke biyan ɓarnar da na yi wa wani kawai, ragowar kuɗin ina ajiye su gefe saboda gyara, na kuma ƙara kyamara a gilashin gaba.