Ranar da muryar Inna ta cika jirgin Liyon

Ƴan'uwa na Maradi, da yawa daga cikinku kun aiko mini saƙo kuna so in sayo muku tabilet idan zan zo hutu, wasu har sun faɗi launin da suke so, don haka na ga ya kamata in ba ku labarin abin da wannan na'ura ta jawo mini a nan Faransa kafin wani ya ƙara ba ni sautu.

A hunturun da ya wuce salulata ta suɓuce daga aljihu a wurin aiki, gilashinta ya dagargaje. Na kai ta wani shagon gyara a nan Liyon, mai shagon ya juya ta sau ɗaya ya yanka mini kuɗin da ya kusa kai na sabuwa, ya kuma ce in dawo bayan mako guda. A take na tuna yaran nan masu gyara a bakin Babbar Kasuwa, waɗanda za su buɗe waya a kan ɗan tebur su canza mata gilashi tun shayin da ka sa a dafa maka bai huce ba. A nan ladan aikin hannu shi ne tsada, shi ya sa abin da za a gyara sau uku a gida sai ka gan shi a shara. Sai na yi lissafi irin namu na ƴan kasuwa, na ce tunda dole ne in kashe kuɗi, gara in sayi abu mai faɗin fuska wanda zan riƙa ganin Inna da kyau a cikinsa, in sa layina ciki, in huta da ɗaukar abu biyu. Na saya ta intanet a kan yuro 180, wajen jikka 118 ke nan a kuɗinmu.

Da kayan suka iso na sa pus ɗina, wato ɗan katin layin waya, intanet ya kama nan take, amma na duba sama na duba ƙasa ban ga wurin danna lamba ba. Wani abokin aikina ne ya fahimtar da ni cewa tabilet kashi uku ce. Akwai wadda ba ta da ramin pus ko kaɗan, wifi kawai take ji; akwai wadda ke karɓar pus amma mega kaɗai take sha da shi, ba ta kiran lamba da kanta, kuma duk wani iPad mai karɓar layi a wannan kashin yake komai tsadarsa; sannan akwai wasu daga cikin masu Android da ke kira kamar salula. Tawa ta tsakiyar ce. Laifin ba na mai sayarwa ba ne, domin an rubuta komai a shafin, ni ne na ga hoton pus na biya ban karanta ba. Na lallashi kaina da cewa da ma kusan duk maganarmu da gida ta WhatsApp ce, ba abin da na rasa.

Wata Asabar da hantsi na shiga jirgin ƙasa daga Liyon zuwa Sant-Etiyan domin sunan ɗan wani abokina, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Wanda bai taɓa shiga irin wannan jirgi ba zai yi wuya ya gane shirun da ke cikinsa, domin tarago cike yake da mutane amma kana jin ƙarar wanda ya buɗe shafin littafi. Cikin wannan shiru ne tabilet ta yi ƙara, na ga lambar Yaya, kuma da yake bai saba kira da safe ba sai gabana ya faɗi na ɗauka. Abin da ban lura da shi ba a ɗakina, inda nake ni kaɗai, shi ne salula tana da ɗan ƙaramin lasifika a sama wanda kunnenka kaɗai ke ji, tabilet irin tawa kuwa ba a yi mata shi ba, manyan lasifikoki na kallon fim kawai gare ta. Muryar Inna ta fito kamar ana sanarwar ɗaurin aure: "Auta, kana ji na? Ina sanyi? Ina aiki?" A bayanta ga ƙarar turmi, ga carar zakara, ga wata yarinya tana tallan fura a ƙofar gida. Na lalubi maɓallin rage sauti, cikin ruɗewa na ƙara shi. Na yi ƙasa da muryata ina amsawa da raɗa, ita kuma ta ɗauka rezo ne ya lalace, sai ta ƙara ɗaga tata.

Ba rashin lafiya ba ne, ba kuma rasuwa ba. Magana ce ta wata yarinya a Tibiri da Inna ta ga ta dace da ni, wadda Kawu har ya riga ya je ya gaisa da iyayenta, sai kuma kuɗin kwanon rufi da na aika waɗanda ba su isa ba, sannan ta rufe da gargaɗin da ta saba, cewa kada in kuskura in kawo musu Baturiya. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta taɓa mini kafaɗa ta ɗora yatsa a leɓenta. Ku da kuka san tarbiyyarmu kun san ba a katse wa uwa magana, saboda haka na ɗaga abin nan mai girman allon almajiri na kara a kunne, kamar hakan zai mayar da muryar ciki. A haka mai duba tikiti ya same ni. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, ya dai gaya mini cikin ladabi cewa doka ta hana sakin sauti a jirgi da tasha, ko in kashe ko in fita tsakanin taragu, kuma wannan ladabin nasa ya fi zagi ciwo. Daga baya na ji cewa a watan Fabrairun 2025 an ci wani mutum tarar da ta kai yuro 200 a tashar jirgin birnin Nant saboda ya yi waya da lasifika a buɗe, sai na san sauƙi aka yi mini.

Abin da ya rage mini na ta'aziyya shi ne babu wanda ya fahimci abin da aka ce. Da muka isa ina shirin sauka, wani matashi da ke zaune bayana, wanda na ɗauka ɗan Senegal ne, ya matso ya ce da Hausar Damagaram tsantsa: "Malam, Allah ya sanya alheri, a gaida mutanen Tibiri."

A daren nan na sayi ekuter ta intanet, wato abin sauraron nan da ake sawa a kunne, marasa igiya, masu aiki da Bluetooth. Wannan ba intanet ba ne, wata ƴar gajeruwar rediyo ce tsakanin na'ura da kunne wadda ke kaiwa kamar mita 10, ƙasa da haka idan akwai bango, kuma sunan laƙabi ne na wani sarkin Denmak mai suna Harald da ya yi zamani a ƙarni na 10. Sau ɗaya ake haɗa su, daga nan da ka buɗe akwatinsu sai su nemo tabilet da kansu, har nakan bar ta a kan tebur ina dafa shinkafa ina hira da Yaya. Suna da nasu takaici, domin cajinsu awanni kaɗan ne, idan ana iska wanda ke can ba ya jin komai sai guguwa, ga su ƙanana kamar ƙwayar gurjiya, ɗaya ya faɗi ɗayan ya zama banza. Amma igiyar caji ɗaya ta ishe ni duka, saboda tun ranar 28 ga Disamba 2024 Tarayyar Turai ta wajabta cewa sababbin wayoyi da tabilet da ekuter da ake sayarwa su kasance da baki iri ɗaya, USB-C.

A rana ta biyar na hagu ya mutu. Na shirya rigima irin wadda na saba, amma ba ta samu ba, domin a nan abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ko da ba ka faɗi dalili ba, sabon kaya kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakinsa har shekara 2 idan ya zo da aibi. Na mayar, aka maido mini kuɗina, ba wanda ya rantse. Wannan ya tuna mini caja da na saya a gida shekarun baya, wadda ta ƙone kafin magariba, na koma mai shagon ya ce ai a gabana aka gwada, alhali shi ne ya haɗa ni da Allah cewa ta asali ce. Garin da ake yi wa kirari da kasuwanci bai kamata a ce kaya sun tashi daga wuyan mai su da zarar sun ƙetare bakin shago ba.

Masu son tabilet ta maye musu gurbin salula su san cewa kira ta intanet sai ɓangarorin biyu suna da mega da caji. Ba sai na tuna muku watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Baffa da ke ƙauye bayan Madarunfa ƙaramar waya mai maɓalli gare shi, WhatsApp ba ya isa gare shi. A da akan sayi kiredi a Skype a kira lamba kai tsaye, to an rufe Skype a watan Mayun 2025 bayan ya yi aiki tun 2003, yanzu wata manhaja nake sayen mintoci a cikinta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne WhatsApp ba ya kiran lambar gaggawa, ba 15 ta motar asibiti ba, ba 112 ba, ni kuwa ni kaɗai nake kwana. Dole na sayi ƙaramar salula irin ta Baffa, wato ni da na guji ɗaukar abu biyu yanzu uku nake ɗauka. Da na so da na mayar da tabilet ɗin ma cikin kwana 14, amma na riga na saba ganin fuskar Inna har da zanen da ke kuncinta, ban iya rabuwa da ita ba.

Tunda magana ta zo, ina roƙonku ku daina sa mutum a lasifika ba tare da kun gaya masa ba. Sau nawa ina faɗa wa Yaya maganar da ta shafe mu mu biyu, sai in ji Kawu ya amsa daga gefe. Ku kuma tuna cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon nan yana gaban na gida da awa ɗaya, hirar da kuke farawa bayan isha ni lokacin barcina ne, kuma da asuba nake fita aiki. Duk da haka, idan na fita titi na ga kowa yana tafiya yana magana shi kaɗai da abu a kunne, irin abin da a gida za a ce a kai mutum wurin malam, sai in tuna ranar Sallah da Yaya ya jingina wayarsa da kwanon tuwo, gida duka ya bi layi ana gaishe ni, har maƙwabta da ban san su ba. Ekuter ba sa ɗaukar wannan, kunne ɗaya suke yi wa aiki.

Mai son sautu ya gaya mini wace daga cikin ukun yake nufi, ya kuma haɗo da kuɗin ekuter. Inna dai ta ce ita ba za ta cusa wa kunnenta komai ba, wanda bai so ya ji ya tashi. Ɗan Damagaram ɗin nan kuwa ashe sunan da za ni shi ma can za shi, ya karɓi lambata a wurin, kuma har yau kowace Juma'a sai ya kira ya tambaye ni ko an sa rana.