Kuza da Dankalin Turawa: Wanne Ya Fi Amfanar Filato?

Ba noma ne ya kawo Turawan mulkin mallaka tsaunin Jos ba, kuza ce. Tun farkon shekarun 1900 kamfanoninsu suka fara haƙa, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Jos a 1914 don kwashe ta. Kuza ta tara jama'a, ta raya gari, Hausawa da yawa a dalilinta suka zo. Amma ta cinye gonakin Birom, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa dubban talakawa aikin haƙa, sanyi da cuta suka halaka da dama. Da farashinta ya faɗi warwas a 1985, harkar ta durƙushe, aka bar mu da ramuka. Ruwan da ya taru a cikinsu shi masu noman rani ke ja yanzu su shayar da kabeji da karas.

Dankalin Turawa kuwa shigowar gefe ya yi, sanyin tsaunin ya karɓe shi. Je ka Bokkos ko Mangu da kaka, ka ga buhuna jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Abuja da Legas. Filato ce ke noma mafi yawan dankalin ƙasar nan.

Ni dai ina bayan dankali, domin kuɗinsa hannun manomi yake shiga. Abin da ke ci mini rai shi ne cutar ganye da ke ƙone gona da damina, da rashin wurin ajiya da ke sa manomi ya sayar da araha kafin kayansa su ruɓe.