Mun ɗauki ɗan jagora a Daura, kuma wallahi kuɗinmu bai tafi a banza ba

Satin da ya wuce muka je Daura ni da maigida da yara biyu, mun taso daga Kano da sassafe ta hanyar Kazaure. Wani abokin aikin maigida ne ya haɗa mu da wani dattijo ɗan garin mai zagayawa da baƙi a motarsa, da farko na ce meye amfanin biyan mutum bayan tun muna firamare muka haddace labarin Bayajidda, ashe ban san komai ba.

Rijiyar Kusugu ya fara kai mu. An gina mata ɗaki tana ciki, mai kula da wurin ya zura guga ya jawo ruwa mai sanyi muka sha, har na cika gora biyu na taho wa Hajiyarmu da shi don ta ce kar in kuskura in dawo hannu rabbana. Baba (haka yara suka riƙa kiran ɗan jagoran namu) ya zaunar da su ya ba su labarin macijin nan Sarki da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da yadda Bayajidda ya sare kan macijin da dare, da auren Sarauniya Daurama, ya lissafo Hausa bakwai da yatsunsa, Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Abin da ya burge ni shi ne idan ya zo kan abin da baka ne kawai ya riƙe sai ya ce "haka muka ji daga magabata", baya ƙara gishiri. Ƙaramar 'yata ta leƙa ta tambaye shi ko macijin na nan har yanzu, ya yi dariya ya ce "uwata kwantar da hankalinki, an gama da shi tuntuni".

Daga nan sai ƙofar fada, ya nuna mana ginin ya ce Sarki Umar Faruk Umar tun 2007 yake kan gado, kuma in muna son ganin Daura da kwalliyarta mu dawo lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal.

Amma ni fa gaskiya karkarar ce ta fi shiga raina. Washegari Lahadi ya ɗauke mu zuwa kasuwar Mai'adua, kusa da iyakar Nijar ta Kongolam, kaka ce an girbe gero an jera dammuna a gonaki, ga amalanken shanu suna ta jido ana kaiwa rumbu, ga itatuwan kuka da gawo ko'ina. A kara kuwa shanu da tumaki da raƙuma ba a magana, ɗana bai taɓa ganin raƙumi ido da ido ba ya ƙanƙame ƙafar babansa ya ƙi saki. Baba ne ya yi mana cinikin man shanu da daddawa, ya kai mu wurin wata Bafulatana ta dama mana fura da kindirmo a ƙwarya, ban sha irinta a Kano ba.

Inda aka samu matsala biyu ne. Motar ba AC ga zafin rana, yara suka galabaita. Sannan masaukin da ya zaɓa mana ƙarfe 12 na dare suka kashe janareto, sauro ya yi ta cin mu har asuba, da na faɗa masa ya ba mu haƙuri sosai ya ce ba zai sake kai kowa can ba.

Taurari huɗu cikin biyar na ba shi. In za ku je ku nemi masaukinku da kanku tun kafin ku taso, ku tafi da gidan sauro da gorar ɗibar ruwan Kusugu, sannan ku daidaita tafiyar ta faɗo Lahadi saboda kasuwar.